Juma'ar da Aka Kulle Ni da Batura

Ba na jin akwai ranar da zan manta da Juma'ar nan, ko da na so. Manaja ne ya ce in rubuta abin da ya faru saboda ku sababbin 'yan mata da aka ɗauka a rassan da za a buɗe. Ya ce in taƙaita, kuma kada in tsorata kowa. Zan yi ƙoƙari a kan na farkon.

Sunana Sa'adatu, gidanmu a Kabara. Na gama sakandare ban samu ci gaba ba, ina zaune a gida ina ɗinkin hula, sai wani abokin Baba, Alhaji Sabi'u, ya buɗe tashar canjin batir a wani lungu kusa da Ƙofar Wambai. Ga wadda ba ta san aikin ba, haka yake. 'Yan Adaidaita Sahu masu lantarki ba sa tsayawa jiran caji. Idan batirin mutum ya yi ƙasa sai ya zo, ya ɗora wayarsa a jikin wani babban akwatin ƙarfe mai ramuka kamar ɗakin tantabaru, rami ɗaya ya buɗe, ya tura nasa, wani ya buɗe, ya zaro cikakke ya tafi. Fuskar akwatin tana waje, ta bakin hanya. Bayansa yana cikin shago, tare da manyan baturan da ke ajiye wutar solar da ke kan rufi. Kamfani ne ke da kayan, Alhaji ke da shagon da kuma wani kaso.

Da farko mutum biyar ke aiki a wurin, duk maza, suna ɗaga batura da hannu suna dubawa. Da aka kawo akwatin mai sarrafa kansa aka sallame su, aka ɗauke ni ni kaɗai. Matsayina a takarda shi ne mai kula da taga. Ina zaune a ciki, a bayan wata ƙaramar taga mai sandunan ƙarfe, ina kallon allon kwamfuta. Direban da wayarsa ta ƙi aiki, ko wanda bai iya karatu ba, ni ke danna masa. Sama da ni akwai Alhaji, sama da shi akwai injiniyan kamfani, Malam Kabiru, wanda ke leƙowa lokaci-lokaci, sai manaja da ban taɓa gani ba sai bayan abin ya faru.

Aikin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Direbobi sun daina kukan fetur. Ragowar wutar da muke ajiyewa Alhaji yana ja wa maƙwabta da waya, saboda haka lungun nan da a da janareta ke hana mutum jin sallama ya koma shiru. Teloli uku suna aiki har yamma. Iya Tabawa, tsohuwar da gidanta ke manne da bayan shagonmu, ta sayi firiza tana sayar da ƙanƙara, har ta ƙara ta biyu. Malam Kabiru idan ya zo yakan tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu ya ce, "Alhaji, nan gaba arzikin ƙasa a cikin batir yake. Wanda ya iya ajiye rana ya sayar da ita da dare, shi ne mai kuɗi. Kuma inji ba ya ciwo, ba ya zuwa biki, ba ya zuwa jana'iza." Alhaji ya ce, "Ba ya cin bashi kuma." Su yi dariya. Ni ma in yi, tunda a kan albashina ake magana.

Matsalar ita ce Juma'a. Inji ba ya zuwa masallaci, kuma akwai direbobi daga Sabon Gari da matafiya da ke zuwa canji a daidai lokacin. Kamfani ya ce kada a rufe. Ni mace ce, Juma'a ba ta wajaba a kaina ba, to ni zan zauna. Amma Baba ya kafa sharaɗi tun ranar farko: ba za a bar masa 'ya ita kaɗai a shago ƙofa a buɗe, unguwa babu manya ba. Shi kuma Alhaji yana tsoron ɓarayi, don batir ɗaya ya fi kuɗin babur. Suka zauna a zauren gidanmu suka sha shayi suka cimma matsaya. Duk Juma'a idan Alhaji zai tafi masallaci, sai ya ja ƙofar ƙarfe ya sa kwaɗo ta waje, ya tafi da mukulli. Na taɓa tambaya ko za a bar min mukulli ɗaya a ciki. Alhaji ya ce, "A'a, 'yata. In ɓarawo ya nuna miki wuƙa ta taga ya ce ki miƙo, dole ki miƙa. In kuwa ba ki da shi, kin huta." Baba ya ce wannan magana ce ta hankali. Ni ma a lokacin na ga hankali a ciki.

Haka muka yi watanni. Nakan shiga da abincina da butata, in yi sallar azahar a ciki, in sun dawo a buɗe ni.

Ranar da nake ba ku labari lokacin zafi ne, bayan ƙaramar Sallah. Da hantsi wani direba ya kawo batir da na lura gefensa yana da sabon fenti baƙi. Daga baya aka gano cewa batirin ya faɗo masa ne a rami, murfin ya tsage, ya ji tsoron kamfani zai ci shi tara, sai ya kai wa wani mai walda a Ƙofar Ruwa. Kun san mutanenmu, babu abin da ba ya gyaruwa a wurinsu. Mai waldan ya liƙe, ya goge, ya shafa fenti. Akwati ya karanta lambar batirin, ya ga nasa ne, ya karɓa. Allo ya nuna kore. Aikina shi ne in kalli allo, kuma allo ya ce lafiya.

Alhaji ya zo cikin farar shadda yana ƙamshi, ya ce, "Sa'adatu, akwai abin da kike so?" Na ce babu. Ya ja ƙofa. Na ji ƙarar kwaɗo.

Liman ya fara huɗuba ke nan na ji wani wari. Ba warin ƙonewar waya ba ne. Wani wari ne mai zaƙi-zaƙi, kamar man goge farce. Na duba abincina, na duba bayan kujera. Sai na ji wani sauti daga cikin akwatin, sssss, kamar an ɗiga ruwa a kaskon suya. Na kalli allo. Rami ɗaya ya koma ja. Kafin in gama karanta abin da aka rubuta, fanka ta tsaya, fitila ta mutu, sai allon kaɗai ke haske. Wani farin hayaƙi ya fara fitowa ta ƙasan akwatin yana bin siminti, a hankali, kamar ba shi da gaggawa.

A horon da aka ba mu, wanda ku ma za a ba ku, an ce idan aka ga haka abu na farko shi ne a fita waje. Na je na taɓa ƙofa. Ban san me ya sa na taɓa ba, na san a kulle take.

Na kira Alhaji. A kashe. Na kira Baba. A kashe. Dukkansu mutanen kirki ne, ba sa barin waya ta yi ƙara a masallaci. Na kira Malam Kabiru, shi ma haka. Na kira lambar gaggawa ta kamfani da ke manne a bango. Wata murya ta mace, mai daɗi, ta yi min barka da rana, ta ce kirana yana da muhimmanci a wurinsu. Ta ce idan batun biyan kuɗi ne in danna ɗaya, idan wayata ce ta ƙi buɗe akwati in danna biyu. Na saurara har ƙarshe. Babu lambar wanda aka kulle da wuta. Na danna ta magana da ma'aikaci, aka sa min kiɗa.

Na ɗauko jar tukunyar kashe gobara na zare fil kamar yadda aka koya mana, na fesa ta ramin da hayaƙin ke fitowa har ta ƙare. Hayaƙin ya ɗan dakata, sannan ya ci gaba, yanzu da duhu a cikinsa. Idona ya fara zafi. Maƙogwarona kamar na haɗiyi barkono.

Sai na kira Umma.

Ta ce, "Ke lafiya? Ina tsakiyar tuƙa tuwo."

Na ce, "Umma, batir ne ke hayaƙi, kuma a kulle nake."

Na ji ta ajiye muciya. Ta ce, "To ki yi ihu mana."

Na ce, "Umma, huɗuba ake yi."

Ta ce, "Sa'adatu, ban tambaye ki abin da ake yi ba. Ki yi ihu."

Ina so ku fahimci wannan wurin, don ni kaina har yau ina mamakinsa. Daga tagata ina hango ƙarshen lungu inda ya haɗu da titi, kuma sahu ya cika masallaci ya malalo har can. Ina ganin bayan mutane a zaune kan tabarmi da dardumai, kawuna a sunkuye. Tun ina ƙarama aka koya min mace ba ta ɗaga murya a gaban maza, balle ana huɗuba, lokacin da ko namiji ba ya ce wa na kusa da shi yi shiru. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Salamu alaikum." Da ladabi. Kamar na je aro a gidan maƙwabta. Na sake cewa, "Don Allah bayin Allah." Lasifika biyu ke kan titin nan, ni kaina ban ji muryata ba.

Daga baya na yi ihun na gaske. Na buga kujera a jikin sandunan taga. Wani mutum a sahun ƙarshe ya waiwayo. Na san ya ji wani abu, don ya ɗan ɗaga kai yana dube-dube. Daidai lokacin aka tayar da sallah, kowa ya miƙe, shi ma ya miƙe ya gyara hularsa ya daidaita kafaɗa. Liman ya yi kabbara. Ban ga laifinsa ba. Ta waje babu abin da ake gani, duk hayaƙin yana ciki tare da ni.

Na jiƙa hijabina da ruwan buta na rufe hanci, na kwanta a ƙasa kusa da ƙofa inda iska ke ɗan shigowa ta ƙarƙashi. Akwatin ya fara wani ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana fasa gyaɗa. Na san ramin da ke kusa da wanda ya koma ja ma akwai batir, na kusa da wancan ma akwai, ga manyan nan a bayana. Na yi kalmar shahada. Bayan ita kuma, ban san dalili ba, na tuna ban mayar wa ƙawata cajarta ba.

Sai na ji ana buga ƙofa da tafin hannu.

"Ke 'yar nan. Ke Sa'a. Wa ya kashe min firiza?"

Iya Tabawa ce. Ashe da na'urar akwatin ta ji zafi ya yi yawa, ta yanke wutar kowa, har da ta maƙwabta. Haka aka tsara ta. Iya tana zaune ta ji firizojinta sun yi shiru, ga ƙanƙarar da masu zoɓo za su zo ɗauka bayan an sauko. Ta yafa mayafi ta fito yin faɗa.

"Ina magana kin yi min shiru? Kuɗina nake biya, ba kyauta ake ba ni ba. Wallahi in ƙanƙarar nan ta narke, Sabi'u ne zai..."

Na sa bakina a ƙasan ƙofa na ce, "Iya, wuta."

Ta ce, "Ita nake tambaya ai."

Na ce, "Gobara, Iya. A kulle nake."

Ta leƙo ta taga. Ban ga fuskarta ba, tarinta kawai na ji. Ba ta yi salati mai tsawo ba, ba ta yi kuka ba. Na ji takalminta yana komawa da sauri, na ji tana kiran matan 'ya'yanta biyu da sunayensu, tana cewa su fito da taɓare, su bar neman hijabi, babu namijin da zai gan su, duk suna can.

Suka fara dukan kwaɗon. Kwaɗon nan Alhaji ya saye shi da tsada, yana yawan yabonsa, kuma ya cancanci yabo, don ko gezau bai yi ba. Iya ta ce, "Ku bar shi, ku daki nan." Shagon ta waje siminti ne da fenti, amma asalinsa tsohon ginin ƙasa ne irin na cikin gari, an yi masa shafe ne kawai. Iya ta san haka tunda a gabanta aka shafe shi. Suka koma dukan bango a inda aka dasa ƙarfen ƙofar. Su uku, ɗaya na ɗagawa ɗaya na saukewa, lugude sosai kamar ana surfen biki. Ina kwance ina jin kowane duka a haƙarƙarina. Ta ɗaya gefen kuma ina jin liman yana karatu a natse, bai san da ni ba.

Ƙasa ta fara zubo min a ka. Haske ya shigo ta gefe. Iya tana haki tana cewa, "Ku ƙara, ku ba tuwo kuka ci ba?" Ƙarfen sama ya saki, na tsakiya ya saki, ƙofar ta karkata. Wani hannu ya shigo ya kama hijabina, wani ya kama ƙafata, suka ja ni kamar buhu. Gwiwata ta goge a jikin ƙarfe, ban ji ba sai da yamma.

Sun kai ni zauren Iya ke nan, aka ji ƙara a cikin shagon, irin wadda ke sa kunne ya toshe. Sannan ta biyu. Baƙin hayaƙi ya tashi sama. A lokacin liman ya yi sallama.

Abin da ya biyo baya ba ni da shi a jere. Na san maza sun cika lungun da bokitai da yashi. Na san motar 'yan kwana-kwana ta daɗe kafin ta iya ratsa taron masu fitowa daga masallaci. Abin da na gani da idona sosai shi ne Alhaji. Ya iso da gudu, babu hula, darduma a hannu. Ƙofar tana kwance a ƙasa, kwaɗon yana jikinta a kulle lafiya lau. Ya tsaya a kanta. Ya zaro mukulli daga aljihu, ya durƙusa, ya buɗe kwaɗon. Sannan ya kunna wayarsa, ta fara ƙara ba tsayawa, saƙonni suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na'urar ce. Tun farkon warin ta fara aika masa gargaɗi.

Baba ya zo ya same ni a zaure. Ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya riƙe yatsuna. Aka kawo mota aka kai ni asibiti. A hanya ya yi ta ce wa direba ya bi a hankali, alhali ba gudu yake ba.

Bayan kwana biyu manaja da Malam Kabiru suka zo gida duba ni, da lemo da madara. Malam Kabiru ya yi min bayani cewa na'urar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ta ji zafi, ta yanke wuta, ta ware ramin, ta sanar da mai shago. Ba don haka ba da manyan baturan sun kama, da lungun gaba ɗaya ya tafi. Na yarda da shi, gaskiya ya faɗa. Na ce, "Malam, ta san ina ciki?" Ya ce ba a sa mata abin da zai gaya mata haka ba. Ya ce a tsarin da aka zana, ba a yi tunanin za a kulle mutum a ciki ba, don a inda aka ƙera ta ba a yin haka. Umma tana bakin ƙofa ta ce, "A inda aka ƙera ta ba su da 'ya'ya mata ne?" Manaja ya ce a sha lemo.

Alhaji ya zo shi ma, ya nemi gafara, ya yi kuka a gaban Baba, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Iya Tabawa ta aiko a gaishe ni, a kuma tambaya yaushe za a dawo da wuta.

An dawo da ita. An kawo sabon akwati wanda ya fi na da, an ce wannan yana gane batirin da aka taɓa buɗewa. An sa ƙofar da ake turawa ta ciki ta buɗe. Tashar ta fi da ciniki, shi ya sa ma ake buɗe rassan da aka ɗauke ku dominsu, kuma ina jin za a ci gaba da buɗewa, don duk wanda ya ɗanɗana wutar da ba ta ɗaukewa ba ya komawa baya. Na koma aiki. Wasu sun ce ba ni da hankali. Amma ni ce ke biya wa ƙannena kuɗin makaranta, kuma ina son aikin, in ban da warin man goge farce, wanda har yanzu in na ji shi a gidan biki sai in tsinci kaina a waje ba takalmi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Injin zai yi duk abin da aka gaya masa, daidai, a kan lokaci. Mutanenmu ma za su yi abin da suka saba, da kyakkyawar niyya: mai walda zai gyara abin da aka kawo masa, uba zai kare 'yarsa, mai zuwa masallaci zai kashe wayarsa. Babu mugu ko ɗaya a cikin labarin nan, kuma saura kaɗan a yi min sallah a ranar. Waɗanda suka zana injin ba su san mu ba, mu kuma ba mu san shi ba, ku ne za a zaunar a tsakani.

Saboda haka ranar da aka kai ki reshenki, za a nuna miki allo, a nuna miki kore da ja. Ki saurara da kyau. In an gama, kafin ki ajiye jakarki, ki ce a rufe ƙofar kina ciki, a gaban mai shagon da wanda ya rako ki daga gida. Sannan ki buɗe ta da hannunki ki fito. In ba ta buɗu ba, ki ɗauki jakarki.